Na bugi ɗan sahu mun sasanta a titi, yanzu mai keken yana min barazana da 'yan sanda

Abban Khairat:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, wlh yau kwana uku kenan bana iya barcin kirki.

Ranar Talata bayan la'asar ina dawowa daga wajen aiki a nan cikin Kano, na zo wani shataletale gosulo ya ɗan saki sai na taka mota, ban ankara ba wani ɗan adaidaita sahu ya kutso ta damana yana so ya riga ni shiga, na taka birki amma ina, sai da bambar gabana ta daki gefen keken ya karkace ya kwanta. Fasinja biyu ne a ciki, wata baiwar Allah da 'yarta, uwar ta bugu a wuyan hannu yarinyar kuma ta ƙuje a gwiwa, shi ɗan sahun Allah ya tsare ko ƙwarzane bai yi ba. Kafin ka ce kwabo wajen ya cika, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, kun san dai yadda ake, in mota ta haɗu da keke ko babur to mai mota ne da laifi tun kafin a tambayi ba'asi. Wani dattijo mai shago a gefen titin shi ya shiga tsakani yace ku yi wa Allah ku sasanta kar abin ya kai ga hukuma, ni kuma a lokacin jikina rawa yake, duk abin da aka ce toh nake cewa.

Na ɗauki matar da 'yarta na kai su asibitin kuɗi, aka yi hoton hannun aka ce ba karaya targaɗe ne, na biya komai har magani na sauke su a gida. Shi kuma yaron ɗan sahun muka tsaya a kan dubu 60 na gyara, na tura masa ta waya a gaban mutane, muka yi musabaha kowa ya kama gabansa. Ba a rubuta komai ba, hoto ma na bambata kawai na ɗauka.

To shekaranjiya sai ga kira, wai shi ne mai keken, yaron balas yake kawo masa. Yace bai san da wani sulhu ba, ƙarfen ƙasan keken ya lanƙwashe, gilashi ya fashe, ga balas na kwanakin da keken zai yi a ajiye, dubu 250 zan ba shi ko kuma ya je caji ofis yace na buge masa keke da fasinja na gudu, kuma yana da lambar motata. Ni wlh ban gudu ba, kusan awa uku na ɓata kan wannan abin.

Tambayata ita ce, in je da ƙafata in kai rahoto ko lokaci ya riga ya wuce? In na je za su riƙe motar? Da ita nake kai yara makaranta. Sannan ina da inshorar nan ta dubu 15 da aka haɗa min lokacin sabunta takardu, ban taɓa sanin amfaninta ba, ko tana da wani tasiri a nan?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya tsare gaba ya ba matar nan lafiya. Ni na haura shekara 20 ina jan mota tsakanin Kano da Kaduna da Abuja kafin gwiwa ta zaunar da ni, dan haka ka saurare ni da kyau.

Gobe da safe ka shirya ka je, kar ka bari ya riga ka. A caji ofis wanda ya fara shiga shi ne mai ƙara, labarinsa ne ke fara hawa takarda, kai in ka zo daga baya kare kanka kawai zaka yi ta yi. Kuma ba kowane ofis zaka je ba, wanda shataletalen yake ƙarƙashinsa zaka nema, ka ce sashen MTD kake so, su ne masu kula da harkar hatsarin mota. A ƙa'ida cikin awa 24 ake so direba ya kai rahoto musamman in an ji ciwo, su 'yan rod sefti ma a jerin laifukansu akwai rashin kai rahoton hatsari, tararsa dubu 20. Ka makara gaskiya, za su yi maka faɗa, amma wanda ya makara ya kawo kansa daban yake da wanda aka je aka ɗauko a gida gaban matarsa da 'ya'yansa.

Maganar mota kuwa bazan ɓoye maka ba, mai yiwuwa su riƙe ta, dan sai VIO, wato jami'in duba lafiyar motoci, ya duba birki da taya da sitiyari da fitilu ya rubuta ko motar lafiyarta ƙalau lokacin da abin ya faru, keken ma haka za a yi masa. Kuma wannan dubawar kai take taimaka in motarka na da lafiya. Da a ranar kuka kira su da sun zo sun auna wajen sun zana inda kowa ya tsaya da inda taya ta ja a kwalta, ku duka ku sa hannu a zanen, to da wannan zanen kaɗai ya isa ya nuna wanda ya kutso wa wani. Yanzu wannan ta wuce, sai dai shaidu.

Bari in ba ka nawa. Wata shekara da kaka ina gangarowa wani ƙauye a hanyar Zariya, yaro ya fito a guje daga bayan wata mota da ke tsaye, na kauce iya yina amma gefen mota ya taɓa shi ya karye a ƙafa. Na tsaya na fito, ina ɗaga kai na hango samari sun taho da duwatsu da gora, wani fasinjana dattijo yace direba shiga mu tafi in ba so kake a ƙona mu ba. Wlh ban zarce ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda na gaba, na miƙa mukulli nace na bugi yaro a wuri kaza ku zo mu koma. Da su muka dawo aka ɗauki yaron zuwa asibiti. Daga baya da wasu dangi suka so su ce guduwa nayi, littafin rajistar ofishin 'yan sandan ne ya cece ni, dan an rubuta lokacin da na shigo da abin da na faɗa. Mahaifin yaron mutumin kirki, muka yi jinya tare har ya warke, aka rubuta sulhu a gaban DPO kowa ya sa hannu. Da gida na wuce a ranar da Allah kaɗai ya san inda maganar zata tsaya.

Ɗan Kwari:

Baba ina girmama maganarka amma gaskiya ni ban goyi baya ba. Malam Abban Khairat in kana da hanyar da zaka kashe wutar nan a waje ka kashe ta. Ni ganau ne ba jiyau ba, bara wani ya daki bayan motata, shi ne ma da laifi ƙiri-ƙiri, na ce bari in bi doka muka tafi wani ofis, wlh sati uku motata na ajiye a rana, yau a ce mai binciken baya nan gobe a ce VIO bai zo ba jibi a ce kawo na takarda kawo na mai, ranar da na karɓo ta batir ya mutu taya ɗaya ta sace, abin da na kashe a zirga-zirga ya kusa kuɗin gyaran, ga kasuwa da na bari a hannun yara. Tun daga nan nace da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shawarata ka nemi shugabannin 'yan sahu na tashar da yaron yake lodi, ko mai unguwar su mai keken, a zauna a kira mai gyara ya faɗi gaskiyar kuɗin, ka cika abin da ya sawwaƙa a rubuta a sa hannu da shaidu. Mai keken nan tsorata ka kawai yake, shi ma ya san in aka je can kekensa zai kwana, kuma wa ya sani ma ko yaron na da lasin.

Maman Ilham:

Sannu ɗan uwa, Allah ya kiyaye na gaba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi tsaya min a rai a labarinka ba keken bane, matar nan ce da yarinyar. Ka sake waiwayarsu tun ranar? Dan Allah in baka yi ba ka je gobe ko ka aika maiɗakinka. Buguwar hatsari ba duka take nunawa a ranar ba, mun sha ganin wanda ya tashi ya karkaɗe riga yace lafiyarsa lau, bayan kwana biyu a kawo shi da amai da jiri ko ciki ya kumbura. Keke ya kwanta da su fa, ka tambaya ko yarinyar ta bugu a kai, in akwai ciwon kai mai tsanani ko amai ko yawan barci a mayar da ita asibiti ba tare da jira ba. Wuyan hannu ma akwai ƙaramin ƙashi da wani lokacin tsagewarsa bata fitowa a hoton farko, in zafin bai ragu ba bayan sati ɗaya zuwa biyu a sake hoto kafin a kai wa mai ɗori.

Kuma wannan shi ne dalilin da yasa nake tare da Baba Tsohon Direba. Allah ya kiyaye, in wani abu ya taso wa matar nan daga baya, mai unguwa bazai iya tsaya maka ba, abin da za a fara tambaya shi ne ka kai rahoto ko baka kai ba. Ka adana rasit ɗin asibiti da katin da takardar hoton, akwai kwanan wata da lokaci a jiki, wanda ya gudu ai baya biyan kuɗin hoto. Matar kanta ita ce babbar shaidarka.

Sannan tunda an taɓo maganar bari in faɗa saboda masu karatu, dan abin na ci min rai. Har yanzu mutane na tsoron ɗaukar wanda ya yi hatsari wai asibiti zasu ce sai da takardar 'yan sanda, ko a riƙe wanda ya kawo shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a sashe na 20 ta hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili ne, hukuncin tarar dubu 100 ne ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka biyun. A 2023 ma Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake jaddada cewa a duba masu hatsari da masu harbin bindiga ba sai an jira takarda ba. Ana fara ceton rai ne sannan a sanar da hukuma. Ku sa 122 a wayoyinku lambar rod sefti ce, sai 112 ta gaggawa ta ƙasa, duka kyauta ake kira.

Sani Inshora:

Malam, wannan takardar ta dubu 15 da kake ganin bata da amfani, domin irin wannan ranar aka yi ta. A harkar nake aiki shekara 9 kenan kuma kullum abin na bani takaici, mutum ya biya kuɗinsa sannan in abu ya faru ya sake zaro na aljihu.

Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin daga dubu 5 zuwa dubu 15 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wato in kai ne da laifi, gyaran keken nan da jinyar fasinjojin suna cikin abin da ta ɗauka. Abin da bata ɗauka ba shi ne bambarka, motarka kai zaka gyara abarka. Amma fa kamfani baya biya da labarin baki, zasu nemi rahoton 'yan sanda, hotunan motar da keken, kwafin lasin ɗinka da takardun mota, kiyasin mai gyara a rubuce, da takardar neman biya daga shi mai keken. Kaga kenan shawarar Ɗan Kwari in ka bi ta ita kaɗai ka rufe wa kanka wannan ƙofar.

Abu biyu zaka yi yau kafin ka kwanta. Na farko ka danna *565*11# ka sa lambar motarka ka ga ko inshorar na cikin rumbun bayanan kamfanoni, dan wlh da yawa daga takardun da 'yan kamasho ke haɗa wa mutane a bakin ofisoshin sabunta takardu na bogi ne, kuɗin a aljihunsu yake tsayawa, kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa da binciken wannan takardar dan haka gara ka san matsayinka kafin ka shiga. Na biyu in ta fito, ka kira lambar kamfanin da ke jikin takardar ka sanar da su, ka kuma tura musu a rubuce dan ya zama akwai kwanan wata, su ma basa son a ja lokaci. Kuma daga yanzu kar ka ƙara tura wa kowa ko sisi, kar kuma ka rubuta wa mai keken cewa laifinka ne ko a WhatsApp, yawancin yarjejeniyar inshora ta hana ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da saninsu ba. Dubu 60 ɗin da ka riga ka bayar ka faɗa musu gaskiya, ka ajiye shaidar turawar.

Tsohon Direba:

Ɗan Kwari abin da ya same ka ba ƙarya bane, ni ma na ga irinsa ba sau ɗaya ba, kuma Allah ya isa ga duk mai wahalar da bawan Allah kan haƙƙinsa. Amma naka ƙarfe ne ya daki ƙarfe, shi nasa akwai jinin mutum a ciki kuma ga wani yana cewa zai yi masa sharrin gudu, ba ɗaya bane. Zaman da kace a yi da shugabannin 'yan sahu ni ma ina so, a yi shi, sai dai takardar sulhun ta ƙare a teburin ɗan sanda.

Ƙanena kar ka je kai kaɗai, ka tafi da babba wanda ya san mutane, in da hali da lauya. Ka kwashe komai naka daga motar, ka ɗauki hotonta ciki da waje har da batir da safaya kafin ka miƙa mukulli. Bayanin da zaka bayar in zaka iya ka rubuta da hannunka, in wani ya rubuta maka a karanta maka shi da Hausa kafin ka sa hannu, abin da ka gani kawai zaka faɗa kar ka ƙara kar ka rage. Beli kyauta ne a doka, in aka matsa maka da wani kuɗi na ba gaira ba dalili ka nemi ganin DPO cikin ladabi, in abin ya faskara akwai sashen karɓar koke na 'yan sanda da ake kira CRU. Kuma ka biya ta wajen dattijon nan mai shago ka roƙe shi lambarsa.

Ummu Sudais:

Ni dai roƙona ɗaya, a duk abin da za a yi a tuna da yaron nan ɗan sahu. Ƙanina wannan sana'ar yake, na san yadda take, in keke ya kwana biyu a ajiye mai shi baya asara, kan yaron ake juye bashin balas, wani ma a ƙwace keken a ba wani. Ko da shi ne ya kutso, a sa a cikin takardar cewa dubu 60 ɗin nan ya karɓa kuma ina ta tafi, kar a bar shi tsakanin ku biyu.

Abban Khairat:

Salam jama'a, na dawo in sanar da ku inda aka kwana, Allah ya saka wa kowa da alheri.

A daren ranar na danna lambar da Malam Sani ya bayar, alhamdulillah inshorar ta fito da sunan kamfanin, da safe na kira su na tura saƙo. Daga nan muka biya gidan matar ni da maman Khairat, yarinyar garau take tana ta wasanta, uwar ce hannun har yanzu da kumburi, nace in ya kai sati bai saɓe ba zan mayar da ita a sake hoto kamar yadda Maman Ilham tace. Mijinta da kansa yace in ana neman shaida zai kawo ta.

Sai muka wuce ofis da yayana. An yi min faɗa sosai kan jinkiri kamar yadda Baba ya faɗa, na ba da haƙuri na nuna rasit da shaidar tura kuɗi, na rubuta bayanina da kaina. Suka kira mai keken, ashe bai ma kai ƙarar ba, ya zo da yaron da keken. Gaskiya keken ya bugu fiye da yadda na zata, ƙarfen ya lanƙwashe da gaske, ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Yaron kuma Allah ya yi masa albarka bai ɓoye ba, yace ban gudu ba, kuma dubu 60 ɗin tun a daren ya kai wa ubangidansa dubu 45 sauran ya sayi madubi da fitila. Dattijo mai shago ma ya yi magana ta waya yace yaron ne ya kutso amma ni ma da ɗan gudu na shigo, ban musa ba.

Motar ta kwana biyu kafin VIO ya duba, birki da taya lafiya, fitilar birki ɗaya ce ta mutu aka ce in gyara. Ɗan Kwari ba zan ce ban kashe komai ba, zirga-zirga da hayar kai yara makaranta sun ci nasu, amma bai kai yadda na ji tsoro ba. An kawo mai gyara ya yi kiyasin dubu 140 a rubuce, mai keken ya janye maganar 250, aka rubuta cewa an karɓi 60 kuma ba za a bi yaron bashin balas na kwanakin gyara ba, ragowar 80 ɗin ana jiran abin da kamfani zai ce, ban sa hannu kan cewa ni zan biya ba, na kira kamfanin suka ce in dakata.

Malam Sani yanzu rahoton 'yan sandan ne ya rage, sun ce in dawo ranar Alhamis. In na karɓa asalin zan kai wa kamfanin ko kwafi?

Sani Inshora:

Masha Allah. Ka yi kwafi uku kafin ka fita daga unguwar, ka ɗauke shi a waya kuma. Ka tafi da asalin su gani da idonsu, in sun ce sai sun riƙe shi to su buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Ka haɗa da kiyasin mai gyaran da hotunan keken, kuma ka ce wa mai keken kar a taɓa gyaran ƙarfen sai mutumin kamfani ya zo ya gani, in ba haka ba zasu ce basu ga ɓarnar ba. Ka karɓi lambar fayil ɗinka, da ita zaka riƙa bibiya duk sati.